Kekunan Anti, Kwangilar Manaja

Ranar da aka liƙa sunan wanda ya ci kwangilar ɗinka zanin gado da rigunan majinyata na asibitocin gwamnati, ni na raka Anti ma'aikatar lafiya. Anti matar yayana ce, Yaya Ƙarami, tela ce kuma, ni ce autar gidan. Muka kutsa cikin jama'a har gaban allon sanarwa, ta ɗora yatsa tana bin sunaye. Sunan shagonta yana can ƙasa cikin waɗanda aka watsar, an rubuta dalili a gefe: ba ta da wurin aiki.

"Auta, karanta min," ta ce. "Ko idona ne ya fara lalacewa?"

Na karanta mata. Sai na ɗaga kai sama don in ga wanda ya ci. Kamfanin Manaja ne, ɗan babban yayanmu, Yaya Babba. Manaja fa! Mutumin da tunda ya gama makaranta ba abin da yake yi sai goge takalmi da latsa waya a ƙofar gida. Mu muka sa masa sunan don tsokana, saboda son kwat da yake yi, shi kuwa ya karɓe shi hannu biyu. Ko zare bai iya sa wa allura ba.

Wurin aikin da aka ce Anti ba ta da shi kuwa, ai kowa a layinmu ya san shi. Garejin gidanmu ne, wanda ƙofarsa ke kallon titi. Kekunan ɗinki shida ne a ciki, huɗu na wuta, biyu na ƙafa, duk da guminta ta saye su ɗaya bayan ɗaya. Akwai dogon teburin yanka, da dutsen guga, da mata biyar da suke ci daga wurin. Sharaɗin kwangilar a fili yake: duk mai nema sai yana da shagonsa da kekunansa, kuma ma'aikata za su zo su gani da idonsu kafin a yanke.

A cikin motar haya muna komawa abin ya faɗo min. Na dafa ta na ce, "Anti, ranar da kika kai Inna asibiti ganin likitan gwiwa, wa ya ce lallai sai ke?"

"Inna ce da kanta. Ta ce hannuna ya fi taushi wajen riƙe ta."

A waccan ranar ban je aiki ba, ina kwance da zazzaɓi, tagar ɗakina kuwa tana kallon garejin. Na ga wata farar mota ta tsaya, mutum uku suka fito da fayil a hannu. Na ga Yaya Babba ya tarbe su da fara'a kamar tsofaffin abokai, dama daga ma'aikatar ya yi ritaya. Na ga sabon allo a rataye saman ƙofar garejin. Na kuma ga Manaja da tef ɗin awo a wuya, yana zagayawa da su tsakanin kekuna, yana shafa wannan yana nuna wancan, matan suna ta ɗinki kansu a ƙasa, su a zatonsu aikin uwar ɗakinsu aka zo dubawa. Kafin Anti ta dawo da Inna an sauke allon, ni kuwa a lokacin zazzaɓi bai bar ni na kawo komai a raina ba. Na ba ta labarin duka.

Mun tarar da gida ana murna. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an sayo lemo, Manaja yana zaune a kujera yana karɓar barka. Yaya Babba ya hango mu ya washe baki.

"Yauwa, ga telarmu nan! Zo ki zauna, alheri ya shigo gida. Aiki ya samu. Ke za ki ɗinka komai da komai, yaron nan zai riƙa sallamarki. Kin ga ba a yi asara ba."

Anti ta tsaya a tsaye, jakarta a hammata. "Yaya, da kekunan wa ya ci?"

"Da kekunan gida mana."

"Yaushe gida ya sayi keke?"

Yaya Babba ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce ita mace ce, ba ta san yadda ake shiga ofis a fita ba. Da an bar ta ita kaɗai da wani can bare ne zai ɗauke kwangilar, gara da ta tsaya a gida. Ya ce yaron nan ya daɗe yana zaman banza, ita ba uwa ba ce a wurinsa? Ya ce suna a takarda ba komai ba ne.

"In ba komai ba ne, me ya hana a bar nawa?" ta ce.

Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a gefe da ƙafa a miƙe. Anti ta juya gare ta, muryarta ta yi ƙasa. "Inna, kin sani?"

Inna ta kau da kai. "Gwiwata dai ciwo take yi, ba ƙarya na yi ba."

Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai, kuma na ga yadda ta soki Anti. Matar da take dafa mata ruwan zafi kullum safe tana gasa mata gwiwar nan!

Doka ta ba da ɗan wa'adi kafin a sa hannu, wanda duk bai yarda ba ya kai ƙorafi. Washegari da sassafe Anti ta saka mayafinta ta tafi ofishin sauraron ƙorafi ta shigar da nata. Ba ta ɓoye ba. Da ta dawo, a tsakar gida ta tsaya ta faɗa, kowa ya ji.

To daga nan aka sa ta a gaba.

Inna ce ta fara. Anti ta kai mata abincin rana kamar kullum, ta turo kwanon da ƙafa ta ce ta ƙoshi. Bayan ɗan lokaci matar Yaya Babba ta kawo nata, ta cinye tas. Haka aka ci gaba, kwanon Anti yana zuwa yana dawowa a rufe. Matan gida suka daina amsa gaisuwarta. In ta shanya kaya a igiya sai ta dawo ta tarar an ture su gefe guda. 'Ya'yanta biyu da aka saba kaiwa makaranta a motar Yaya Babba tare da sauran yara, aka wayi gari mota ta cika, ba wuri. Motar da jiya ta ɗauke su yau ta ƙanƙance.

Dangi kuwa suka yi ta sintiri. Gwaggo ta zo daga nesa, ta zaunar da Anti ta ce, "'Yar nan, ana kai ɗan gida ƙara? Me za a ce da mu a waje?" Kawu ya zo ya ce shi bai ce an kyauta ba, amma babba babba ne, ta yi haƙuri. Kowa ya zo haƙuri yake kawo mata. Ban ga wanda ya taka ɗakin Yaya Babba ya ce masa ka ji tsoron Allah ba.

Rannan matan suna tsaka da aiki wuta ta ɗauke a garejin. Aka leƙa, ko'ina da wuta sai nan. Anti ta je ta tambaya, Yaya Babba ya ce wayar garejin ta tsufa, yana tsoron gobara, shi ya sa ya sa aka cire. Wayar da ta yi shekaru tana aiki, sai yanzu ta tuna ta tsufa. Kekuna huɗu suka tsaya cak. Anti ta jawo na ƙafa biyun tsakiya, ta zauna a kan ɗaya, sauran suka riƙa karɓa-karɓa a kan ɗayan. Guga kuma aka koma na gawayi. Aiki ya riƙa makara, masu kaya suka fara zuwa suna ɗaukar yadinsu ba a ɗinka ba. Biyu daga cikin matan suka daina zuwa, ba don mugunta ba, su ma suna da bakunan ciyarwa. Da yamma in na shiga sai in ga ƙafafunta sun kumbura, ta tsoma su a bokiti tana datse zare.

Yaya Ƙarami fa, mijinta? Malamin makaranta ne, mutum mai sanyi, irin wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Na tare shi a zaure na ce, "Yaya, kana kallo?"

"Auta, me kike so in yi? Yaya Babba ne ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Shi ya yi min makaranta, shi ya yi min aure. In buɗe baki in ce masa me?"

"Ka ce masa kekunan matarka ne."

"Ai ya sani."

"To ka sani, ya sani, Inna ta sani, amma ita ce mai laifi?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ya ce in yi a hankali, ni yarinya ce, ban san zaman duniya ba. Ina son yayana, amma a ranar na ji kunyarsa.

Da aka sa ranar sauraro, Anti ta kira ni garejin ta rufe ƙofa. Ta ce matan sun ce ba za su iya tsayawa shaida ba, mazajensu sun hana, kuma ba ta ga laifinsu ba. Ta ce, "Ke ma ban tilasta miki ba. Uwarki ce, yayyenki ne. Ni in abin ya ɓaci ina da gidan ubana, ke nan ne naki."

Na ce, "Anti, idona ne ya gani, ba na aro ba. Zan je."

Labari ya kai kunnen Inna kafin in kai ɗakina. Ta kira ni ta ce in na taka ofishin nan kada in ƙara kiranta uwa. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe ni, amma ke kika koya min kada in yi shaidar zur." Ta ce shiru ba shaidar zur ba ce. Na ce wannan shirun dai ita ce. Ta jefe ni da maficin da ke hannunta.

Ɗakin sauraron ƙarami ne, dogon tebur da fanka mai ƙara. Mutum uku ne a gaba, shugabarsu wata dattijuwa mai farin gilashi. Manaja ya sha kwat, ga lauya a gefensa, Yaya Babba yana baya ya harɗe hannu. Lauyan ya yi ta zuba, ya ce garejin na mahaifin mai kamfani ne, don haka wurin aikin kamfani ne, mai ƙorafi kuwa ma'aikaciya ce kawai da hassada ta kama. Ma'aikaciya! Da aka ba Anti dama ba ta yi dogon zance ba. Ta ce gini nasu ne, ba ta musa ba, amma abin da ke ciki nata ne, kuma an fitar da ita daga gida da dabara ranar da aka zo dubawa. Aka kira ni na faɗi abin da na gani, har tef ɗin wuya ban rage ba. Ina magana ina jin idon Yaya Babba a ƙeyata.

Dattijuwar ta yi shawara da na gefenta, ta ce an dakatar da sa hannu. Za a turo wasu masu duba, ba na farko ba, gobe da hantsi su ga wurin. Abin da suka tarar shi za a bi.

Kafin mu iso gida an canza kwaɗon garejin. Sabo fil, babba, yana ƙyalli. An mayar da allon Manaja sama, an ma mayar da wayar wutar da aka ce ta tsufa. Yaya Babba yana tsaye a ƙofa da makulli a hannu.

"Ki saurare ni da kyau," ya ce. "Garejin nan nawa ne. Gobe in sun zo, ki zauna a kan keke ki ce kina yi wa yaron nan aiki, a wuce wurin. Kin ci, ya ci. In kin ƙi, ki nemi wani wurin, kuma ina so in ga inda za ki."

Ya san ba ta da inda za ta. Ya san hayar shago a bakin titi ba abin wasa ba ce, ya kuma san ya riga ya karya mata ciniki. Anti ta dube shi, ta dubi kwaɗon, ta ce, "Na ji, Yaya." Ta shige ciki. Har na ɗauka ta sare.

Da gari ya waye, ina shara sai na ji ƙarar ƙarfe, kau! kau! Na yar da tsintsiya na fito da gudu. Anti ce da guduma a hannu, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana dukan kwaɗon. Matanta uku da suka rage suna tsaye a bayanta, da wasu masu turin kura biyu da ta ɗauko. Kwaɗon ya yi tsalle ya faɗi. Ta tura ƙofa ta ce, "Ku fito min da komai. Ko allura kada ku bari."

Gida ya fashe. Yaya Babba ya fito da singileti yana ihu, "Ke! Kin haukace? Fasa min ƙofa?"

"Kwaɗo na fasa, zan saya maka wani. Ka ce in nemi wuri, na nema."

Aka fara fito da kekuna ana jerawa a gindin bishiyar da ke bakin titi, tsallaken kwata. Teburin yanka ya fito, kujeru suka fito, buhunan ƙyalle, dutsen guga, har madubin bango. Manaja ya fito yana ɗaura agogo, yana cewa, "Anti, don Allah, Anti, mutanen nan suna hanya fa!" Ko kallo bai ishe ta ba. Maƙwabta suka cika layi. Yaya Babba ya juya ya daka wa ƙaninsa tsawa, "Kai! Ba za ka yi wa matarka magana ba?"

Yaya Ƙarami ya tako a hankali ya tsaya a bakin garejin, daidai lokacin da Anti ta rungumo kan keke tana fitowa. Ya ce, "Maman yara, don girman Allah ki yi haƙuri. Ki duba ni."

Ta tsaya da nauyin a ƙirjinta, gumi yana zubo mata. "Na daɗe ina dubanka. Ka kama min, ko ka matsa."

Wallahi na roƙi Allah a zuciyata ya miƙa hannu. Ya dubi yayansa, ya dubi Inna da ta dogaro sanda ta tsaya a zaure, ya dubi matarsa. Sai ya matsa.

Ni na kama mata. Muka tsallaka kwatar da shi tare, fuskarta a bushe.

Da masu dubar suka iso, mace ɗaya da namiji ɗaya, Manaja ne ya tarbe su a ƙarƙashin allonsa. Suka leƙa garejin. Ba komai sai siminti da tabon mai a inda ƙafafun kekuna suka zauna shekara da shekaru. Namijin ya ce, "Ina kayan aikin?" Manaja ya waiwayi mahaifinsa. Yaya Babba ya fara bayani, ana gyara ne, an ɗan fitar da su shan iska ne. Shan iska! Har masu turin kura sai da suka yi dariya. Macen ta ɗauki hoto, ta rubuta abin da za ta rubuta, sannan suka tsallako wurinmu.

Anti tana kan keken ƙafa, ta riga ta fara ɗinka rigar makarantar wata yarinya. Macen ta tambayi na wa ne kayan, matan uku suka amsa baki ɗaya, maƙwabta ma suka amsa. Ta gyaɗa kai. Sai ta rage murya ta ce, "Malama, kin dai san gindin bishiya ba shago ba ne. In na rubuta gaskiya, shi ya faɗi, amma ke ma ba za ki samu ba. Sai dai a sake tallar aikin."

"Na sani tun kafin in ɗauki guduma," Anti ta ce. "Ki rubuta."

Ta rubuta, suka shiga mota suka tafi.

Ga abin da nake so a ji. A gidanmu ba wanda ya ɗauki kansa ɓarawo. Yaya Babba yana nema wa ɗansa abin yi ne, Inna tana son zaman lafiya ne, Yaya Ƙarami yana rama alheri ne, Gwaggo da Kawu suna tsare sunan gida ne. Kowa da kyakkyawan dalilinsa, kuma duk dalilan a kan wuyan mace ɗaya aka sauke su, don an saba in an ce ta yi sai ta yi. An ci abincinta, an sa ɗinkinta, an jingina da kafaɗarta zuwa asibiti, da ta ce sunanta nata ne sai ta zama bare. Yau ba ta da shago, ba ta da kwangila, kuma ita da mijinta sai dai ido. Ban ce ta ci riba ba. Na ce dai ba a ci da ita ba.

Da jama'a suka fara watsewa, Yaya Babba ya tsallako kwatar. Muryarsa ta dushe don ihu. Ya tsaya a kanta ya ce, "To kin huta? Kin kunyata mu, kin kashe wa yaro abinci, ke ma kin tashi a tutar babu. Tashi min daga ƙofar gida."

Anti ba ta ɗaga kai ba. Ta gyara bakin rigar a ƙarƙashin allura.

"Gareji naka ne, Yaya, na bar maka. Titi kuwa na gwamnati ne. In kana so, ka je ka nemi kwangilarsa."

Ta ɗora ƙafa ta ci gaba da taka kekenta.